Yadda Muka Gano Aibin da Ke Ɓoye a Cikin Kiristal da Hasken Eksire

Matsalar da ta kai ni birnin Grenoble na ƙasar Faransa ƙarama ce a ido, amma ta hana ɗakin bincikenmu sakat. Muna ƙera dayod, wato 'yar na'urar da ke barin wutar lantarki ta wuce ta hanya ɗaya kawai, a kan faifan silikon kabayid, kuma idan aka gwada su da farko sai a same su lafiya lau. Amma da zarar an bar wuta mai ƙarfi tana ratsa su na wasu sa'o'i, sai wasunsu su fara taurin kai: boltej ɗin da ake buƙata kafin wuta ta wuce ya riƙa hawa sannu a hankali, na'urar ta riƙa ɗaukar zafi fiye da kima, alhali maƙwabciyarta da aka yanko daga faifai ɗaya, aka sarrafa su rana ɗaya, tana nan daram. Mun duba su a madubin ƙara girma, fuskarsu sumul take, babu tsaga babu tabo. Malamin da ke duba aikin digirina na uku ya ce tun da waje bai nuna komai ba, to a ciki abin yake, ya kuma ɗora mini nauyin nemo hanyar leƙa cikin ba tare da an lalata samfurin ba.

Silikon kabayid haɗin silikon ne da kabon, atom ɗaya na wannan ga atom ɗaya na wancan. Edward Acheson ya fara sarrafa shi a Amurka a 1891, kuma shekaru da dama babban aikin da aka san shi da shi shi ne wasa ƙarfe da goge-goge, saboda taurinsa ya doshi na daimon. Darajarsa ta yau daga wani wuri dabam ta zo: yana jure ƙarfin lantarki kusan ninki goma na abin da silikon zalla ke jurewa, yana kuma fitar da zafi da sauri, shi ya sa masu ƙera motocin lantarki da inbatar sola suka karkata gare shi, kuma motar Tesla Model 3 na cikin na farko da suka sa shi a inbatarsu. Sai dai samar da shi akwai jan aiki. Silikon narka shi ake yi a jawo curi daga cikin ruwansa da ɗan gutsuren kiristal da ake kira iri, kuma tun ƙarshen shekarun 1950 William Dash na kamfanin General Electric ya nuna cewa idan aka fara jan curin da siririn wuya, aibobin da ke cikin irin sukan fice ta gefe, a sami kiristal tsarkakakke. Silikon kabayid kuwa ba ya narkewa a matsin iska na yau da kullum. Dole a gasa garinsa a tukunyar girafayit a zafin da ya haura digiri 2,000, tururinsa ya tashi ya daskare a kan iri, ƙasa da milimita ɗaya a awa, bisa hanyar da Tairov da Tsvetkov suka fito da ita a Leningrad a 1978. Curin da aka samu ta wannan hanya yakan fito da aibobi daga ɗaruruwa zuwa dubbai a kowace murabba'in santimita.

Abin da ya sa ake kiran abu kiristal shi ne atom ɗinsa a jere suke sahu-sahu, shimfiɗa a kan shimfiɗa, da tazara iri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Aibin da muke zargi shi ne gocewar sahu. Duk wanda ya taɓa yin huɗa ya san yadda wani lokaci kunya takan ƙare a tsakiyar gona ba ta kai iyaka ba, sai kunyoyin dama da hagu su lanƙwaso su cike gurbin, kuma mai tsaye daga nesa ba bakin guntuwar kunyar yake fara gani ba, karkacewar maƙwabtanta ce ke jan idonsa. Haka abin yake a cikin kiristal, sai dai a can bakin guntuwar shimfiɗar dogon layi ne da ke ratsa cikin jiki. A 1934 Taylor da Orowan da Polanyi, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo wannan tunani domin bayyana dalilin da ya sa ƙarfe ke lanƙwasuwa cikin sauƙi fiye da yadda lissafi ya nuna. A 1939 Burgers na ƙasar Holan ya bayyana wani nau'in mai murɗiya, kuma ma'aunin da ke nuna alƙibla da girman kowace gocewa sunansa yake ɗauke da shi har yau. Sai a 1956 aka ga motsin waɗannan layuka a madubin ilektoron a Cambridge.

Da na fara gaya wa 'yan'uwa a gida cewa hoton eksire zan je in ɗauki dutse, kowa hoton ƙashi na asibiti ya kawo a ransa, alhali ayyukan biyu sun yi hannun riga. Hoton asibiti inuwa ce: ƙashi ya fi tsoka tare haske, shi ya sa yake fitowa. Gocewar sahu ba ta ƙara wa kiristal nauyi ko ta rage masa, saboda haka idan aka haska shi kamar yadda ake haska ƙirji, fili fayau za a gani. Hanyar da ke aiki ta samo asali ne daga gwajin da Max von Laue da abokan aikinsa Friedrich da Knipping suka yi a Munich a 1912, inda suka ga cewa kiristal yana tarwatsa eksire zuwa wasu keɓaɓɓun kusurwoyi. Daga nan Lawrence Bragg da mahaifinsa William suka fayyace ƙa'idar a 1913: tsawon igiyar eksire, kimanin kashi ɗaya cikin miliyan goma na milimita, ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin shimfiɗun atom, don haka shimfiɗun sukan mayar da hasken, amma sai ya faɗo musu a kan kusurwa guda tak wadda ta dace. Idan aka kauce mata ko da ƙanƙani, hasken da ke dawowa ya ɗauke. A nan ne sirrin yake. Shimfiɗun da ke kewaye da gocewa a karkace suke, saboda haka yadda suke mayar da haske ya bambanta da na sauran jiki, kuma idan aka tara hasken da ya dawo a kan fim, za a ga layin a daidai wurin da yake. Ita kanta cibiyar gocewar faɗinta bai wuce na 'yan atom ba, eksire ba ya ganinta. Abin da yake gani shi ne karkacewar da ta tilasta wa maƙwabtanta, wadda takan kai faɗin maikiromita da dama (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita).

Berg ne ya fara ɗaukar irin wannan hoto a Jamus a 1931, Barrett ya inganta shi a 1945, sannan a 1958 Andrew Lang ya nuna gocewa ɗai-ɗai a cikin silikon, kuma na'urar da ake wannan aiki da ita a ɗakunan bincike sunansa ta ci. Muna da wata hanya mai arha, wato tsoma faifan cikin narkakken sinadarin potash mai zafin kusan digiri 500, wanda yakan ci ƙananan ramuka a duk inda gocewa ta ɓullo a fuska, sai a ƙirga. Na ƙi wannan hanya tun farko, domin faifan da aka tsoma ya tashi daga aiki, kuma ramin bakin layin kawai yake nunawa, ba ya faɗin ta inda ya bi a ciki. Na'urar Lang ta ɗakin bincike kuma takan ci sa'o'i masu yawa kafin ta ba da hoto ɗaya, mu kuwa hotuna masu yawa muke buƙata a kan kowane samfuri. Tun 1974 Tuomi da abokan aikinsa suka nuna a Hamburg cewa hasken sinkurotoron, wato katafaren zoben da ilektoron ke gudu a cikinsa suna fesar da eksire, yana gama wannan aiki cikin daƙiƙoƙi, don haka muka nemi lokaci a cibiyar ESRF, wato sinkurotoron na ƙasashen Turai da ke Grenoble.

Sau biyu a shekara ake karɓar takardun neman lokaci, kwamitin masana ya tace su, wanda ya dace a ba shi kamu-kamu na awa takwas-takwas ba tare da ya biya kuɗin hasken ba, bisa sharaɗin zai wallafa abin da ya samu. Da amsa ta zo, sai na shirya samfuri kashi uku: faifan da ba a taɓa ba, faifan da aka tsirar da siririn rufin kiristal mai kaurin maikiromita 10 a kansa, wanda a cikinsa na'urar ke aiki, da kuma gutsattsarin da ke ɗauke da dayod ɗin da muka riga muka wahalar da wuta, masu taurin kai da lafiyayyu. Waɗannan na ƙarshe sai da muka narkar da ƙarfen da ke kansu da ruwan asid, muka zana taswirar inda kowace na'ura take, domin bayan an cire ƙarfen babu abin da ke bambanta su a ido.

Cibiyar tana kan wani tsiririn fili tsakanin kogin Drac da kogin Isère, duwatsu sun kewaye ta ta kowane gefe. Ginin zobe ne mai kewayen mita 844, a cikinsa akwai bututun da aka zuƙe wa iska, inda ilektoron masu ƙarfin bolt biliyan 6 ke zagayawa kusan sau 355,000 a daƙiƙa ɗaya. Duk inda maganaɗisu ya lanƙwasa musu hanya sai su fesar da eksire, a bi da shi ta bututu zuwa tashoshin gwaji. An buɗe wurin ga masu bincike a 1994, aka kuma sake zoben gaba ɗaya ya koma aiki a 2020. Tasharmu ita ce BM05. Amfanin wurin a gare mu bai tsaya ga ƙarfin haske ba. A wannan aiki babu gilashin ƙara girma tsakanin samfuri da fim, hoton daidai girman abin yake fitowa, saboda haka kaifinsa ya dogara ne ga ƙanƙantar mafarin hasken da nisansa. A nan mafarin ɗan mitsitsi ne, yana kuma nesa da gomman mitoci, don haka hasken yana isowa a miƙe sambal.

Kafin a ba ni katin shiga sai da na ci jarrabawar kiyaye haɗari. Ɗakin gwajin bangonsa da ƙofarsa darma ce, kuma ba a buɗe wa haske hanya sai an yi abin da suke kira bincike: mutum ɗaya ya zagaya ɗakin, ya leƙa bayan kowane teburi, ya danna maɓallan da aka kafa a kusurwoyi bi da bi, jiniya na kuka, sannan ya fito ya ja ƙofar ya kulle. Idan aka taɓa ƙofar alhali haske na ciki, na'ura za ta datse shi nan take. Duk sauyin samfuri, komai ƙanƙantarsa, sai an maimaita wannan daga farko, kuma ban ga wanda ya yi wasa da shi ba ko da ƙarfe uku na dare.

Wurin da na fi koyon darasi shi ne ɗora samfurin a kan teburin juyawa. Faifan kaurinsa kimanin kashi ɗaya cikin uku na milimita ne, launinsa ƙasa-ƙasa mai sirkin kore, ana hango yatsa ta bayansa, kuma da safar hannu da hantsakin roba ake ɗaukarsa ta gefe. Jami'ar da ke kula da tashar, kafin ta bar mu mu taɓa namu, sai ta ɗauko wani tsohon gutsuren silikon ta maƙale shi da ɗan matsi, irin matsin da hannu ba zai ce an yi komai ba, ta ɗauki hotonsa. Abin da ya fito a allo ya ba ni mamaki: baƙaƙen zobba sun taso daga wurin matsin sun bazu milimita da dama cikin kiristal ɗin da ba shi da aibi ko ɗaya. Ta sassauta matsin, ta sake ɗauka, fili ya koma fes. Abin da take so mu gane shi ne hasken ba ya bambanta karkacewar da aka haifi kiristal da ita da wadda hannunka ya jawo masa yanzu. Selotef yana ja, gam idan ya bushe yana ja, ƙwayar ƙura ɗaya a ƙarƙashin faifai tana ɗaga shi. Saboda haka muka kwantar da namu a kan madauri mai santsi da aka goge tas, muka tare shi da ɗan ɗigon kaki a gefe ɗaya kawai, nesa da inda za mu duba. Ni a ganina rabin ingancin duk abin da muka samu daga baya a wannan mataki aka yanke shi.

Da farin haske muka fara, wato hasken da ba a tace ba, mai ɗauke da igiyoyi masu tsawo iri-iri. Daɗin wannan shi ne ba sai an wahala wajen neman kusurwa ba, domin kowane rukunin shimfiɗu yana zaɓar igiyar da ta dace da shi da kansa. Muka sa fim a bayan samfurin, aka buɗe haske na ɗan lokaci kaɗan, muka jira injin zuƙar iska ya kwashe warin ozon da farin haske ke haddasawa, sannan muka shiga muka ɗauko. Da aka wanke fim ɗin sai ga tabo-tabo irin waɗanda Laue ya gani, a warwatse bisa tsari mai kusurwa shida, amma kowane tabo idan aka sa shi a madubin ƙara girma cikakken hoton wurin da aka haska ne, kamar yadda wani rukunin shimfiɗu dabam ya gan shi. Daga nan muka tabbatar da alƙiblar kiristal ɗin, muka kuma ga cewa yawan aibin bai kai matakin da layuka za su cakuɗe su zama baƙi ƙirin ba, wanda shi ne iyakar wannan hanya.

Aikin gaske da tataccen haske aka yi shi. Ana bi da hasken ta kan kiristal biyu na silikon tsarkakakke, su zaɓi igiya ɗaya su watsar da saura, sannan ya faɗo a kan fuskar faifan a kwance-kwance, da 'yar kusurwa ƙarama, yadda ba zai nutse ba sai iya rufin sama da abin da ke ƙarƙashinsa kaɗan. A nan dole a nemo kusurwar Bragg da hannu. Digiri ɗaya ana raba shi gida 3,600, kuma faɗin ƙofar da kiristal mai kyau ke amsa haske a cikinta bai wuce 'yan gidaje daga cikin waɗannan ba. Muna zaune a ɗakin sarrafawa muna juya teburin ta kwamfuta taki-taki, allo baƙi wuluk, har sai da wani siririn ratsi mai haske ya ɓullo daga gefe. Ratsi ne kawai, ba dukan fili ba, domin faifan yana da ɗan doro da ido ba ya gani, saboda haka sashe kaɗan ne ke kan daidai a lokaci guda. Duk takin da muka ƙara, ratsin ya matsa gaba, kyamara ta ɗauka, daga baya a ɗinke ratsin a sami hoto ɗaya.

Hoton farko na faifan da ba a taɓa ba cike yake da rubutun da sai an koya ake karantawa. Akwai manyan fararen ɗige-ɗige masu baƙin baki, waɗannan su ne gocewa mai murɗiya da ke tsaye, muna kallon bakinta daga sama. A kewayen irinsu kiristal ke girma yana hawa kamar matakala mai zagaye, yadda Charles Frank ya bayyana a Bristol a 1949, kuma shi ne ya yi hasashe a 1951 cewa idan gocewar ta yi girma ƙwarai cibiyarta za ta zama rami. Wannan siririn bututu shi ne ya addabi masu sarrafa silikon kabayid shekaru da yawa, amma yanzu manyan kamfanoni sun kusa kawar da shi, kuma ba mu ga ko ɗaya a namu ba. Akwai ƙananan ɗige-ɗige masu yawa, wani wurin a jere kamar an shuka su, su ne gocewa mai baki, irin ta guntuwar kunya, da ke tsaye, waɗanda cutarwarsu ga na'ura ba ta da yawa. Akwai dogayen layuka miƙaƙƙu da suka ratsa komai ba ruwansu da tsarin kiristal, waɗannan ƙarzunan injin goge fuska ne da suka bar rauni a ƙarƙashin santsi. Sai kuma layuka masu lanƙwasa, wasu a murɗe wasu a tattare, su ne gocewa kwantacciya, wadda ke kwance a cikin shimfiɗar gindi ta kiristal, wato shimfiɗar da atom ke jere a cikinta bisa tsarin kusurwa shida. Su muka zo nema.

A faifan mai rufi hoton ya sauya. Yawancin layukan masu lanƙwasa sun tsaya cak a iyakar faifai da rufi, kowanne ya ƙare da ƙaramin ɗigo, alamar cewa kwantacciyar ta miƙe tsaye ta koma nau'in da ba ya cutarwa sosai, wanda shi ne abin da mai tsirar da rufi ke fata. Amma nan da can akwai gajerun layuka miƙaƙƙu, duk suna fuskantar gefe ɗaya, duk tsawonsu ɗaya. Na auna su a allo, suka ba ni kimanin maikiromita 140. Ana yanka waɗannan faya-fayai ne da karkatar digiri 4 daga shimfiɗar gindi, saboda haka layin da ke kwance a shimfiɗar yana hawowa ne a gicciye, kuma kafin ya ratsa rufi mai kaurin maikiromita 10 ya ɓullo a sama, sai ya yi tafiyar da ta ninka kaurin sau goma sha huɗu da ɗoriya, wato maikiromita 143. Da lissafin takarda da awon allo suka haɗu, na san cewa waɗannan su ne kwantattun da suka ƙi miƙewa, suka ratsa har cikin wurin da na'ura ke aiki.

Duk da haka hoto ɗaya ba hujja ba ne, kuma wannan shi ne abin da nake so duk mai sha'awar wannan fanni ya riƙe. Layi a kan fim yana iya zama gocewa, yana iya zama ƙarzuna, yana iya zama ƙura a kan kyamara. Hanyar tabbatarwa ita ce a sa layin ya ɓace da gangan. Kowace gocewa tana ture atom ne zuwa alƙibla guda, wadda ma'aunin Burgers ke nunawa. Idan rukunin shimfiɗun da ka zaɓa su mayar maka da haske suna kwance ne a kan wannan alƙibla, to atom ɗin sun zame ne a cikin shimfiɗarsu, shimfiɗar ba ta karkace ba, hasken kuma ba zai ga komai ba. A silikon kabayid, kwantacciyar gocewa tana da alƙibla uku kacal da za ta iya bi, saboda tsarin kusurwa shida na kiristal ɗin. Saboda haka muka tayar da faifan tsaye yadda haske zai ratsa shi ya fita ta baya, muka ɗauki wuri ɗaya sau uku, kowane karo muna juya shi digiri 60 mu sake neman kusurwa daga farko. Aiki ne mai cin rai, domin kowane juyi na nufin shiga ɗaki, da bincike, da jiniya, da laluben ratsi a baƙin allo. Amma da muka jera hotunan uku gefe da gefe, sai ga shi wani gungun layuka da ke baƙi ƙirin a hoto na farko da na uku babu shi sam a na biyu, filin fes kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba, wani gungun kuma a na uku ya ɓace. Ƙarzunan injin goge fuska kuwa suna nan a duka ukun. Da wannan muka raba kowane layi da danginsa, muka san alƙiblarsa, ba tare da mun gutsuri ko ƙwayar faifan ba.

A lokutan jira na dare na lura da harsunan da ake ji a zauren cin abinci, na kuma tuna cewa a cikin nahiyoyin da mutane ke zaune, Afirka ce kaɗai ba ta da sinkurotoron. Afirka ta Kudu ta shiga cikin ƙasashen da ke haɗin gwiwa da ESRF a 2013, ƙasashen Gabas ta Tsakiya sun buɗe nasu mai suna SESAME a Jodan a 2017, kuma a wannan cibiya ta Grenoble aka yi taron farko na neman gina na Afirka a watan Nuwamba na 2015, na biyu kuma a Accra a 2019. Abin yana damuna ƙwarai, domin ɗalibin da ke Zariya ko Yamai mai tambaya irin tawa, ba ƙwaƙwalwa ce ke raba shi da amsa ba, biza ce da kuɗin jirgi.

Samfuran ƙarshe su ne na'urorin da aka wahalar. Na ɗora taswirata a kan hoton, kuma tun kafin in gama daidaita su bambancin ya bayyana. A ƙarƙashin lafiyayyun babu komai sai ɗige-ɗige. A ƙarƙashin masu taurin kai kuwa akwai siffofi masu kusurwa uku, wasu ƙanana, wasu sun cinye sashe babba na na'urar, kuma kowace idan aka bi gefenta sai a tarar ta taso ne daga ɗaya daga cikin gajerun layukan nan. Abin da ke faruwa sananne ne tun farkon shekarun 2000: kwantacciyar gocewa a wannan kiristal a rabe take gida biyu, da ɗan siririn fili a tsakani inda jerin shimfiɗu ya kuskure. Idan wuta na wucewa, ƙarfin da ke fita yayin da ilektoron ke faɗawa gurabensu yana tura ɗaya daga cikin rabin ya yi ta tafiya, filin kuskuren ya yi ta faɗaɗa, shi kuma yana kama ilektoron yana tare wa wuta hanya. A nan ma sai da muka tambayi kiristal ta fuska biyu: a rukunin shimfiɗun farko iyakokin siffar kawai suka fito, cikinta fayau, da muka koma wani rukunin sai cikin ya cika da duhu, kamar yadda lissafi ya ce kuskuren jeri irin wannan zai yi.

Sauran lokacin mun ba da shi ga ɗaukar ɗaruruwan hotuna na wuri ɗaya, ana gusa kusurwa kaɗan-kaɗan, yadda kowane ɗigon kyamara zai ba da nasa labarin inda ya fi haske da faɗin ƙofarsa. Daga wannan ake fitar da taswirar karkacewa da lambobi maimakon kallon ido. Tace bayanan ya ɗauke ni watanni bayan na koma, kuma shi ne ya nuna cewa kwantattun da suka ratsa rufin sun fi taruwa a gefen faifai da kuma kusa da ƙarzunan goge fuska. Bisa wannan muka nemi masu tsirar mana da rufi su ƙara cin fuskar faifan da iskar haidirojin kafin su fara, su kuma sa wani rufi dabam mai yawan naitirojin a tsakani, wanda ke hana wutar isa ga kwantattun da suka rage a ƙasa. Muka kuma daina ɗora manyan na'urori a gefen faifai.

Akwai tambayar da eksire bai iya amsa mana ba. Cikin rabi biyun gocewar, masana sun nuna cewa wanda cibiyarsa ke ɗauke da atom na silikon shi ne mai tafiya, mai kabon kuwa yana tsaye, kuma muna so mu ga yadda cibiyar take a wuraren da siffofin suka tsaya da faɗaɗa tun kafin su kai iyakar rufi. Wannan aikin madubin ilektoron ne, shi kuma ɗan yanki yake dubawa wanda bai wuce 'yan maikiromita ba, don haka idan ba a san inda za a yanka ba, lalube ne a cikin duhu. Na fitar da wurare daga hotunan, na auna nisan kowanne daga alamomin da muka zana a gefen gutsuren tun kafin tafiya, na miƙa wa abokan aikinmu masu madubin, suka yanko siraran ɓare daga daidai waɗannan wurare.